Abin da Aka Binne a Gonar Gayus

A wani ƙauye na bakin daji an yi wani mutum manomi, wanda ba a taɓa kama shi da ƙyuya ba, ba a kuma taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Tun kafin kaji su sauko yake saɓa hauyarsa, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Aibinsa guda ɗaya ne, amma ya ishe shi: bai yarda akwai abin da ke faruwa a duniya ba tare da an ɓoye wata mugunta a bayansa ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya bi ka da kallo ya ce a ransa, "Wannan fara'ar ba banza ba." In ka wuce ba ka gan shi ba, nan ma ba banza ba. Ko akuyar maƙwabta ce ta tsaya ta dube shi, sai ya koma gida yana tunanin wanda ya turo ta. Tun ana yi masa dariya a bayan ido har aka daina ɓoyewa, aka laƙaba masa suna Ba-banza-ba, sunansa na gaskiya kuwa ya ɓace a bakin mutane.

Mutumin nan yana da ƙane guda mai suna Gayus, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu, dattawa suka raba musu babbar gonarsa biyu, suka bar layin gamba a tsakani ya zama iyaka. Gonar tana da itatuwan gawo nan da can, waɗanda tsohon ya tarar, ya kuma bar su yadda ya same su. Rabin itatuwan suka faɗa wa yayan, rabi suka faɗa wa ƙanen.

Muddin tsohon yana da rai, yayan bai taɓa tsayawa ya dubi gawo ba. Amma da gona ta zama tasa, sai idonsa ya buɗe. Ruwan farko ya sauka, daji ya ɗauki kore, kalgo da sabara da tsamiya duk suka yi sabon ganye. Gawo kuwa a daidai lokacin ya kakkaɓe nasa ganyen, ya tsaya tsirara a tsakiyar gona kamar wanda ya mutu. Da rani ya zo, kowane itace ya bushe, sai ga shi ya yi kore shar, yana zubar da 'ya'ya. Mutumin ya tsaya a gindinsa ya daɗe yana kallon rassan.

Ya ce, "Itacen da ke baƙin ciki lokacin da kowa ke murna, yana murna lokacin da kowa ke wahala. Wannan ba banza ba."

Ya ci gaba da sa ido, kuma mai sa ido ba ya rasa abin gani. Ya ga shanun Fulani suna taruwa a inuwar gawon da rani, suna cin 'ya'yan, suna barin kashinsu. Ya ga buzuzu yana mulmula kashin yana turawa cikin rami kamar ɓarawo da kayan sata. Ya ga gara ta lulluɓe karan dawa da ƙasa tana ja ƙarƙashi. Ya ga belbela a bayan shanu, bushiya a gindin gamba, kwaɗi a cikin kunyoyi, ƙudan zuma a kan furen gawo. Duk inda ya juya baki ne ke motsi, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe fartanya. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce shi ke zufa, wasu ke ci, kuma gawon nan shi ne mai masaukinsu.

Saboda haka ya wasa gatarinsa. Ya sare gawon da ke rabonsa ɗaya bayan ɗaya. Ya kewaye gonar da ƙaya don kada saniya ta sake taka ta. Ya tara kara da ganye da duk wani yayi ya cinna musu wuta, ya farfasa suri ya zuba magani a ciki, ya bi tsuntsaye da majajjawa har suka gane shi daga nesa. Gona ta fito fes kamar tsakar gidan da aka share don baƙi. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna yaba masa, kuma a gaskiya tana da kyan gani.

Shekarar nan gero ya yi kyau, domin ƙasar tana da sauran ƙarfin da tsohon ya bar mata. Mutumin ya cika rumbunsa, ya dubi gonar Gayus mai kara a warwatse da kashin shanu ko'ina, ya girgiza kai. Ya ce da matarsa Saraya, "Kin ga bambancin mai hankali da mai barci."

Amma shekara ta bi shekara, sai abu ya soma juyawa. Fuskar ƙasar ta daskare ta yi fari. In ruwa ya sauka, ba ya shiga, sai ya kwanta kaɗan ya kwashi ƙasar sama ya gangara. Ƙuduji ya fito da jan furensa ya shaƙe gero tun yana ƙarami. Abin da ya tsira daga ƙuduji, tsutsa ta huda shi, ba kuwa tsuntsun da zai tsince ta. Mutumin ya ƙara sammako, ya ƙara noma, ya ƙara shara da ƙuna, amma damin da yake ɗaurewa sai raguwa yake yi. A ƙetaren gamba kuwa geron Gayus ya fi tsayin mutum, musamman a gindin gawo, inda zangarniya take sunkuyawa don nauyi.

Wata rana yana fake a bukkarsa ta gona ana ruwa, sai ya lura da wani abu. Ruwan da ya sauka a gonarsa yana gudu, ya ratsa gamba, ya shiga gonar Gayus, a nan kuma ya ɓace kamar an buɗe masa ƙofa. Ya tuna kuma cewa da rani ya sha hango ƙanen nasa a durƙushe kusa da iyaka, yana haƙa ƙananan ramuka, yana zuba wani abu daga kwando yana rufewa. Ya taɓa jin ana cewa akwai masu binne asiri a kan iyaka su janye albarkar gonar maƙwabci zuwa tasu. Da ya haɗa wannan da wancan, sai komai ya daidaita a kansa, har ya ji wani irin daɗi mai ɗaci, irin na wanda zatonsa ya sami wurin zama.

Ana cikin haka, bayan girbi, Gayus ya aiko masa da dammunan gero masu kyau. Saraya ta yi murna, domin tsabar gidan ta kusa ƙarewa. Shi kuwa ya hana a kwance su.

Ya ce, "A mayar masa. Guntun abin da ya kwashe mini ne yake miƙo mini, don in yi masa godiya a kan kayana."

Saraya ta ce, "Haba Maigida, ɗan'uwanka ne fa. Nono ɗaya kuka sha."

Ya ce, "Shi ya sa ya san inda zai binne."

Da maganar ta tsaya a cikin gida, da sauƙi. Amma ya faɗe ta a inuwar da maza ke hira, sau ɗaya tak, kuma sau ɗayan ya isa. Kafin damina ta zagayo, iyaye sun hana 'ya'yansu cin tuwo a gidan Gayus. Mata suka riƙa janye tulunansu in matarsa ta iso rijiya. Ran Lahadi a majami'a, bencin da iyalinsa ke zama ya zama nasu su kaɗai, ko da wuri ya cika mutane suna tsaye a baya. Mutanen da suka yi shekaru suna yi wa Ba-banza-ba dariya, su ne yanzu suke cewa ai dama mai yawan lura yakan ga abin da wasu ba su gani ba.

Dattawan ikkilisiya suka kira shi suka ce wannan magana ba ƙarama ba ce. In gaskiya ce, za a fitar da Gayus daga zumunta, in kuwa ba gaskiya ba ce, ya ɓata sunan ɗan'uwansa a banza. Ya buga ƙirji ya ce su ba shi zuwa Lahadi, zai kawo musu abin da aka binne su gani da idonsu. Ya ƙara da cewa daga ranar, shi ba shi da ƙane.

Ran Jumma'a aka yi ruwa mai yawa. Washegari da sassafe ya ɗauki dagi da hauya ya nufi iyaka, ya ƙetare gamba, ya tsaya daidai inda ya sha ganin Gayus a durƙushe. Ya ɗaga dagin da ƙarfinsa duka ya caka, sai dagin ya nutse har ya kusa kifar da shi. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, tana ƙamshin damina. Ya sa hannu ya ɗebo, sai ga tana tana murɗawa a tafinsa. Ya yar, ya ci gaba. Ya tarar da hanyoyin gara sun huda ƙasar ta ko'ina, ruwan jiya ya bi su ya sauka can ƙasa. Ya tarar da ƙwallon kashin da buzuzu ya binne, saiwar gero ta naɗe shi ta riƙe. Ya tarar da gwazarma, da ruɓaɓɓen ganyen gawo, da wasu fararen zaruruwa sirara da bai san sunansu ba. Wani kwaɗo ya fito daga ramin ya dube shi ya yi tsalle ya tafi.

Bai ga tukunya ba, bai ga laya ba, bai ga ƙaho ba. Ya matsa gaba ya sake haƙawa, ya sake matsawa, yana tumɓuke geron ƙanensa ba tare da ya kula ba. Ko'ina abu ɗaya ne, ƙasa mai motsi da rai.

Wani zai ce a nan ya kamata jikinsa ya yi sanyi. Ina! Zato ba ya mutuwa da wuri haka. Ya share zufa ya ce, "Lalle yaron nan ya fi ni wayo. A gonata ya binne." Ya ƙetaro gamba ya dawo nasa ɓangaren, ya ɗaga dagi ya caka.

Dagin ya yi ƙara ya dawo, har kafaɗarsa ta amsa. Ya sake bugawa, ya sake, da ƙyar ya fasa. Duk ruwan da aka kwana ana yi bai jiƙa abin da ya wuce tsawon yatsa ba. Ƙarƙashin wannan kuwa busasshiyar ƙasa ce fara, kamar ba a taɓa damina a kanta ba. Ya haƙa har gwiwa, hannunsa ya yi bororo ya fashe. Bai ga asiri ba. Bai kuma ga tana ba, bai ga gara ba, ko tururuwa ɗaya bai gani ba. Ɓarayin da ya yi shekaru yana kora, babu ko guda da ya saura. Ya zauna a bakin ramin, ramukan nan biyu suna gabansa, baƙi a hagu, fari a dama, taku kaɗan ne tsakaninsu.

A haka Gayus ya same shi. Ya tsaya ya dubi geronsa da aka tumɓuke, ya dubi yayansa, ya gaishe shi kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Me ake nema?"

Yayan ya ce, "Abin da kake binnewa a nan da rani."

Gayus ya ce, "Kashin shanu ne da guntun kara. Haka Baba yake yi, kai ma ka sha riƙe masa kwandon."

"To, me ya sa ruwana yake gudowa wurinka?"

Gayus ya durƙusa ya ɗebi baƙar ƙasar, ya nuna masa ƙananan hudojin da ke cikinta. Ya ce, "Ba ni nake kiransa ba, Yaya. Ƙofa yake samu. Waɗannan ne ma'aikatan Baba, su suke huda masa hanya. Da ka kore su, ina za su? Sai suka ƙetaro."

Yayan ya ce, muryarsa a ƙasa, "Geron da ka aiko fa?"

Gayus ya ce, "Na ga hayaƙin gidanka ya koma sau ɗaya a rana."

Ya juya ya soma mayar da ƙasa cikin ramukan da hannunsa, yana rufe tanar da ke fili don kada rana ta kashe ta, yana tsayar da geron da zai iya tsayuwa. Yayan yana zaune yana kallon bayan ƙanensa, sai kunya ta rufe shi. Ya ga cewa abin da ya yi wa gawo da gatari, shi ne yake shirin yi wa ɗan uwarsa gobe a gaban jama'a.

Ran Lahadi majami'a ta cika, har waɗanda suka daɗe ba su zo ba sun zo, domin an ji za a fito da asiri. Dattawa suka kira shi. Ya fito da ƙorai biyu a rufe da faifai, mutane suka miƙa wuya. Ya buɗe ta farko, baƙar ƙasa ce, tana tana motsi a ciki.

Ya ce, "Ga abin da aka binne a gonar Gayus."

Ya buɗe ta biyu, farar ƙasa busasshiya. Ya ce, "Ga kuma abin da na bari a tawa. Ba wanda ya sace mini komai. Ni na kore shi da hannuna, sa'an nan na ɗora wa ƙanena."

Ya ajiye ƙoran, ya bi ta tsakiyar jama'a, ya je ya zauna a bencin nan da kowa ke gudu.

Ba zan ce muku komai ya gyaru a ranar ba. Maganar da ta riga ta fita ba ta dawowa duka, kuma an daɗe ana samun matan da ke janye tulu a rijiya. Ƙasa ma ba ta warkewa da neman gafara. Ya cire ƙayar da ya kewaye gonar, ya daina ƙona kara, Gayus ya riƙa taya shi ɗauko taki, amma gonar ta yi shekaru tana ba shi kaɗan-kaɗan. Sai wata damina, yana noman farko, ya ga wani ɗan tsiro mai ƙananan ƙaya ya fito daga cikin tsohon kashin saniya. Gawo ne. Fartanyarsa ta riga ta tashi sama, domin hannu ya saba. Ya tsayar da ita. A lokacin furfura ta cika kansa, ya kuma san ba shi ne zai sha inuwar wannan itacen ba. Ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Wannan ba banza ba." Ya je ya ɗebo ƙayar da ya cire, ya kewaye tsiron don kada awaki su cinye shi.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Gonar nan ita ce duniyar da Ubangiji ya danƙa mana, ita ce kuma gidanka da ikkilisiyarka. Da Mahalicci ya shimfiɗa ƙasa, bai yi gero shi kaɗai ba. Ya ɗaura gero da gawo, gawo da saniya, saniya da buzuzu, buzuzu da ƙasa, ƙasa da ruwan sama, ya ɓoye mafi yawan ƙullin a inda ido ba ya kaiwa. Mutumin nan bai yi kuskure ba da ya ce ba abin da yake banza. Kuskurensa shi ne, duk abin da bai gane ba, sai ya ɗauka maƙiyi ne ya sa shi a wurin. Bai taɓa tsayawa ya ce, watakila Allah ne ya sa shi ba. Don haka kai mai gona, kafin ka cinna wa daji wuta ko ka ɗora gatari a kan itacen da ka tarar, ka tambayi kanka ko ka san aikin da yake yi maka.

Amma ba don itatuwa kaɗai na ba ku wannan misali ba. A cikinmu akwai gawo. Akwai ɗan'uwan da ba ka jin muryarsa lokacin waƙa da biki, yana zaune shiru kamar busasshe, har ka ce wannan ba ya tare da mu. Jira ranin rayuwarka ya zo, ran da aka yi maka rasuwa ko ciwo ya kwantar da kai, ka ga wanda zai zo ya zauna a ƙofarka bayan kowa ya watse. Akwai kuma masu aikin ƙarƙashin ƙasa, tsohuwar da ke yi maka addu'a ba ka sani ba, da wanda ya kashe wata magana a kanka tun ba ta kai kunnenka ba. Ba ka ganinsu, amma ta hanyoyin da suka huda ne alheri yake shiga gidanka.

Ban ce babu mugunta a duniya ba. Ƙuduji gaskiya ne, gara ma takan ci zana. Amma ku lura da inda ƙudujin ya fi ƙarfi: a gonar da aka kori kowa. Zato gatari ne, kuma yana da saurin aiki. Yakan bar zuciya fes, ba mai cutarka, ba mai damunka, ba mai shigo maka. Sai ran da ka haƙa kana neman abin da zai rayar da kai, ka tarar ba kowa a ciki, ruwan alherin Allah ma yana sauka a kanka yana gangarewa.

Mutumin nan ya yi sa'a, ya haƙa ran Asabar. Da ya bari sai bayan Lahadi, da ya rasa ƙanensa kamar yadda ya rasa itatuwansa, kuma ƙane ba ya sake tsirowa daga ƙasa. Yau kai ma kana da wani wanda ka riga ka yanke wa hukunci a ranka, wanda gaisuwarsa ta zama maka abin tuhuma, kyautarsa ta zama tarko. Kafin ka sake faɗin sunansa a inuwar hira, ɗauki daginka ka haƙa a naka ɓangaren tukuna. In an tashi daga nan kuma, ka duba bencin da mutane suka bari ba kowa, ka je ka zauna a wurin.